Kurakuran da 'Ya'ya Suka Fi Yi Wajen Yi wa Iyaye Inshorar Lafiya a Kano

Idan ɗa ya tashi yi wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa rajistar inshorar lafiya, abin da yake fara tambaya shi ne nawa ake biya a shekara. Tambayar tana da muhallinta, amma ba ita ce ta farko ba. A gari irin Kano, amfanin kati a hannun tsoho ya rataya ne ga asibitin da aka rubuta masa: a wace unguwa yake, wa ake samu a cikinsa da daddare, ina kuma yake tura mutum idan ciwo ya fi ƙarfinsa. Yawancin matsalolin da ake kuka da su daga wuri ɗaya suke tasowa, wato a biya kuɗi a karɓi kati, sannan a shiga neman asibitin da zai karɓe shi.

Sai an fahimci yadda tsarin yake tafiya sannan a gane dalili. Ko a ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, ko a ƙarƙashin Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Kano, KSCHMA, duk mai rajista asibiti ɗaya yake zaɓa ya zama asibitinsa na farko. Ana biyan wannan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ke jerin sunayensa, ko ya zo ko bai zo ba. A can ake duba hawan jini, a auna suga, a ba da maganin zazzaɓi. Idan ana bukatar ƙwararren likita ko tiyata, asibitin nan ne zai rubuta takardar turawa, a nemi lambar izini daga kamfanin HMO, wato kamfanin da ke gudanar da inshorar, ko daga hukumar, sannan babban asibiti ya karɓi majinyaci a kan inshora. Wanda ya tsallake wannan ya nufi babban asibiti kai tsaye, ba kuma a halin gaggawa ba, sau da yawa daga aljihunsa zai biya.

Zaɓar asibiti saboda suna, ko saboda yana kusa da ɗa

Wannan shi ne babban kuskure, kuma masu kyakkyawar niyya ne suke yin sa. Hajiya tana zaune a Kurna ko Rijiyar Lemo, ɗanta yana aiki a wajen titin Zariya, sai ya ce ai ba abin da ya dace da mahaifiyarsa sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya rubuta mata shi. Asibitin babba ne, ƙwararru suna nan, ba mai musu. Amma mai hawan jini da ciwon suga ba sau ɗaya take zuwa asibiti a shekara ba. Kusan duk wata sai ta je awo da karɓar magani. Ka lissafa kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, ita da jikar da za ta raka ta, ka haɗa da cunkoson hanya, da sammakon kama layi a asibitin da jama'a ke tururuwa zuwa gare shi har daga maƙwabtan jihohi. Wata na farko za ta je, na biyu ta je don kada ɗanta ya ji ba daɗi. Daga na uku sai ta ce gwiwa ta hana, ta aika yaro kemis ɗin bakin layi ya sayo mata rabin maganin. Katin yana cikin jakarta, kuɗin shekara ya tafi, hawan jinin kuma ba mai lura da shi.

Gyaran shi ne a fara daga ƙofar gidan da tsoho yake kwana. A nemi jerin asibitocin da tsarin ya amince da su, a ware waɗanda za a iya kaiwa cikin ɗan lokaci, sannan a taka a je da ƙafa. Kusan kowane asibiti da ke karɓar inshora yana da teburin jami'in da ke kula da masu kati. Ka je da safe ka zauna a bencin da suke jira, ka ji abin da suke cewa a tsakaninsu. Tsohon da ke kusa da kai, riƙe da ledar magungunansa da katinsa da ya sha naɗi, zai gaya maka a cikin minti biyar ko ana samun magani a famasin ko kullum sai a ce babu, ko likita yana zaunawa ko sai an kira shi a waya. Wannan bayanin ba ya cikin takardar talla ta kowane kamfani. Sannan ka sake komawa bayan sallar isha'i. Idan ka tarar da ƙofa a rufe, ko mai gadi kaɗai da ma'aikaciyar jinya ɗaya ba likita, to ka san abin da za ka tarar ranar da numfashin Baba ya sarƙe da tsakar dare.

A ganina, matsakaicin asibiti na kusa wanda yake da likita dare da rana da ɗakin awon jini ya fi wa tsoho amfani a matsayin asibitin farko. Babban asibiti yana nan ba inda zai je, takardar turawa za ta kai shi can ranar da ake bukata.

Rashin bin sawun inda za a tura shi

Ciwon tsufa sananne ne: yanar ido, ciwon gwiwa da ƙugu, karaya bayan faɗuwa a banɗaki, wahalar fitsari ga maza, ciwon ƙoda, shanyewar ɓarin jiki. Kano tana da wuraren da suka shahara a kan kowanne. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala, akwai cibiyar Abubakar Imam ta masu matsalar mafitsara, akwai asibitin ido na Makka da na ECWA, ga Asibitin Murtala da na Nasarawa da na Malam Aminu Kano. Sai dai kasancewar asibiti a gari ba ya nufin katinka yana aiki a cikinsa. Kowane tsari da jerin nasa, kuma a wajen kamfanoni masu zaman kansu, jerin yana bin girman kuɗin da aka biya: ƙaramin tsari, ƙananan asibitoci.

Kafin a biya, a ɗauki ciwon da tsohon yake da shi yanzu, a tambayi jami'in a fili. Idan idon Hajiya ya kai a yi aiki, wane asibiti za ku tura ta? Aikin duka kuke biya ko rabi? Idan an ce gashin ƙashi bayan shanyewar jiki, zama nawa kuke ɗauka? Wankin ƙoda fa? Wannan na ƙarshe a tsaya a kansa sosai, domin galibin tsare-tsare adadi kaɗan suke biya sannan su tsaya, alhali mai ciwon ƙoda da ya yi nisa sau biyu ko uku ake yi masa a mako. Haka manyan hotuna irin su sitiskan, akwai tsarin da wani kaso kawai yake ɗauka. A nemi amsar a rubuce. Maganar baki ta mai neman ka yi rajista ba ta zama hujja a gaban akawun asibiti.

A nan kuma a bincika jerin da kansa. Jerin da ke shafin intanet yakan tsufa, asibiti ya daina karɓar katin wani kamfani saboda saɓanin biyan kuɗi, sunansa kuma yana nan ba a cire ba. Asibitin za a tambaya, ba kamfanin kaɗai ba.

Ɗauka cewa katin ma'aikaci ya haɗa da iyayensa

Ma'aikatan gwamnati da yawa sai ranar da suka kai mahaifi asibiti suke gane wannan. Tsarin ma'aikata na tarayya ya ƙunshi ma'aikaci, da matarsa ko mijinta, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki. Sai dai a ƙara su a matsayin ƙarin iyali a biya musu daban, ko a yi musu rajistar kansu a shirin GIFSHIP na NHIA, wanda aka buɗe don ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, ko a shirin masu zaman kansu na KSCHMA.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne na ritaya. Mutum ya cika shekara 60, ko ya yi 35 yana aiki, an daina cire masa kuɗin inshora daga albashi, shi kuwa yana riƙe da tsohon kati yana zaton yana aiki. Lokacin da jiki ya fi bukatar asibiti, a lokacin ne sunansa kan fita daga jeri. Duk wanda mahaifinsa ya kusa ajiye aiki, ya je ofishin hukumar tun da sauran watanni ya ji yadda za a sauya shi zuwa wani shirin ba tare da giɓi ba.

Ɓoye ciwo ko rage shekaru

Kamfanoni masu zaman kansu da yawa suna da iyakar shekaru a tsarinsu na gama-gari, galibi tsakanin 60 da 65, sai su ware wa tsofaffi wani tsari mai tsada. Suna kuma tambayar ciwon da mutum ya riga yake da shi. To sai ka ga ɗa ya rage wa uwarsa shekara biyar a fom, ya kuma rubuta cewa lafiyarta ƙalau, alhali ta shekara goma tana shan maganin suga. Ban da cewa ƙarya ce, ba ta ma ɗorewa. Rajistar NIN tana ɗauke da shekaru, awon jini na farko zai nuna sugan, kamfanin kuma yana da damar ƙin biya idan ya gano. A faɗi gaskiya, a tambayi wata nawa za a jira kafin su fara ɗaukar tsohon ciwo, domin wasu sai an shekara. Idan sharaɗin ya yi tsauri, a koma tsarin gwamnati, wanda ya fi sauƙi ga mai tsohon ciwo.

Tun da an ambaci NIN, a duba sunan. Tsoho ɗaya yakan zama Muhammadu a katin zaɓe, Mamman a fayil ɗin asibiti, Muhammad a NIN. Ƙaramin bambanci irin wannan yakan tsayar da mutum a teburin rajista yini guda.

Batun magani

A tsarin NHIA mai kati yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, don haka kada a yi faɗa da mai famasi a kan wannan. Abin da ya fi jawo rigima shi ne nau'in maganin. Inshora tana da jerin magungunanta, kuma da sunan sinadari take aiki, ba da sunan kamfani ba. Baba ya saba da wata ƙwayar hawan jini mai jan kwali, sai a ba shi wata mai farin kwali, ya ce an ba shi ta banza, ya ajiye. Sau da yawa maganin ɗaya ne. A ɗauki tsohon kwalin a kai wa likita ko mai famasi ya gwada su a gabansa, ya yi masa bayani da bakinsa, domin tsoho ya fi yarda da likita a kan ɗansa.

Tun kafin rajista ma, a kwashi duk magungunan da yake sha a leda a kai asibitin da ake son zaɓa, a tambaya wanne suke da shi a kullum. Mai allurar insulin ya fi kowa bukatar wannan. Idan kuma aka ce babu, aka tura ku waje ku saya, ku karɓi rasit, ku sa a rubuta a takardar cewa babu shi a famasin, ku sanar da kamfanin ko hukumar a ranar.

Jira sai ciwo ya kwantar

Rigakafi ya fi magani, amma an fi tunawa da inshora a bakin gadon asibiti. Kati ba ya fara aiki ranar da aka biya. Akwai lokacin jira na makonni kafin suna ya shiga jerin asibiti, tiyata kuma a wasu kamfanoni sai bayan watanni. Haka sabuntawa: idan shekara ta cika ba a biya ba, ana iya mayar da mutum farkon layi. 'Yan'uwa su wakilta mutum ɗaya a kan wannan, kada kowa ya zaci wani ya biya.

Akwai kuma waɗanda ba sa yin rajistar sam saboda ba hali, alhali an yi tanadi dominsu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta samar da asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma tsofaffi marasa ƙarfi suna cikin waɗanda ake yi wa rajista kyauta ta asibitocin shan magani na mazaɓu. Guraben ba su wadaci kowa ba, amma tambaya a asibitin mazaɓa ko wajen mai unguwa ba ta cin kuɗi.

Tsohon da ba ya zama wuri ɗaya

Wani dattijon da damina yana ƙauye wajen gona, da rani yana Kano, wani lokacin ya yi wata biyu a Kaduna ko Abuja wajen 'yarsa. Tsarin jiha an gina shi ne a kan asibitocin jihar, don haka ga irin wannan mutum a tambayi abin da zai faru idan ciwo ya same shi a wajen Kano. Tsarin tarayya da manyan kamfanoni sun fi faɗi, duk da haka a san lambar da za a kira idan an kai shi asibitin da ba nasa ba cikin gaggawa.

Idan kuma an riga an zaɓi asibitin da bai dace ba, ba sai an haƙura da shi ba. Ana canzawa, a tsarin NHIA yawanci bayan wata shida, ta hanyar cike fom a ofishinsu ko wajen kamfanin HMO. Jinkirin lambar izini ma ba abin zama a yi shiru ba ne: a 2025 NHIA ta umarci kamfanonin su riƙa bayar da ita cikin awa ɗaya. Idan an wuce haka tsoho yana kwance yana jira, a rubuta lokacin da asibiti ya nema da sunan jami'in da aka yi magana da shi, a kira kamfanin, in bai motsa ba a kai ƙara ofishin NHIA na jiha, ko na KSCHMA idan katinsu ne.