Wa za ki nuna wa hotunanki kafin ki nemi aikin tallan kaya?

Ni tela ce a Kano, ɗinkin mata nake yi, kuma duk gabannin salla nakan nemi 'yan matan da za su sa min kaya a ɗauke su hoto don Instagram. Yawancin hotunan da ake turo min, kallo ɗaya nake musu in san ba wanda ya san sana'ar da ya duba su kafin a aiko.

Ƙanwata, ki fara cire ƙawaye da 'yan gida daga lissafi. Su "Masha Allah, kin haɗu" za su ce ko da hoton ya yi duhu, kuma ba laifinsu ba ne, sonki suke yi. Ki nemi wanda kuɗinsa ke cikin maganar: mai ɗinki, mai sayar da abaya ko leshi, mai kwalliya, da mai ɗaukar hoton da ya saba aikin talla, ba na biki kaɗai ba. Kowa da abin da idonsa ke kamawa. Mai hoto haske yake dubawa, da yadda kika ajiye haɓa, da inda idonki ya kalla. Ni kuwa kafaɗa nake fara kallo, sai zaman siket, sai in ga ko hannunki ya rufe aikin da na kwana ina yi a gaban riga. Yarinya ta fi kowa kyau, in ta danne kayan, ba zan kira ta ba.

Kada ki tura guda arba'in. Shida zuwa goma sun isa, ki sa wa kowane lamba. A ciki lallai a samu irin waɗanda kamfanonin dillancin masu talla na Legas da na waje ke fara nema: fuska ta gaba, ta gefe, da tsayuwa daga kai har ƙafa, a jikin bango marar ado, ba filta, ba kwalliya mai nauyi. Waya ma ta wadatar, in kin tsaya kusa da taga da hantsi ko bayan la'asar. Mai sa mayafi ta sa abinta, amma marar hayaniya, wanda bai ɓoye tsarin fuska ba. Halima Aden da hijabinta kamfanin dillancin masu talla na IMG ya ɗauke ta aiki a 2017, Shatu Garko 'yar Kano ma da shi ta ci gasar Miss Nigeria a 2021. In ta WhatsApp za ki aika, ki tura a matsayin fayil, don turawar da aka saba tana rage wa hoto ƙarfi.

Sai tambayar kanta, wadda a nan ne aka fi yin asara. "Anti, ya kika gani?" amsarta "ya yi kyau" ce. Ki ce: "Anti, in uku kawai za ki zaɓa, waɗanne? Wanne za ki fara cirewa, kuma me ya sa?" Ki kuma faɗi irin aikin da kike nema. Tafiya a dandamali irin na Lagos Fashion Week, da aka fara a 2011, galibi ana son mace mai tsayin wajen santimita 175. Tallan atamfa, ɗaurin ɗankwali, lalle ko sarƙa ba ruwansa da wannan awo.

In an yi gyara, kada ki hau kare kanki. Ki rubuta, sannan ki tantance: wannan laifin tsayuwarki ne, na mai hoto ne, ko kayan ne ba su zauna ba? Abin da mutum ɗaya ya faɗa yana iya zama ra'ayinsa. In uku da ba su san juna ba suka faɗi abu guda, ki gyara, ki sake ɗauka a tsayuwa iri ɗaya, ki mayar musu su kwatanta.

Duk wanda ya ce sai kin biya kuɗin rajista kafin ya duba, ko ya nemi hoton da ba za ki iya nuna wa Umma ba, ko ya ce ki same shi a otal ke kaɗai, ki toshe lambarsa. Dillalin gaske daga kuɗin aikin da ya samo miki yake cire kasonsa, yawanci wajen kashi 20 cikin 100. Ko wurina za ki zo gwajin kaya, ki taho da yayarki.