Yadda ake shirya safari na alfarma da iyali a Tanzaniya, a ga namun dawa a kuma ga inda ake tono tarihin ɗan Adam

Idan Allah Ya hore maka kuma kana son fita da iyali wani wuri da ba Dubai ba, ba Masar ba, to arewacin Tanzaniya wuri ne da ya kamata ka sa a lissafi. A hanya ɗaya yara za su ga zaki da giwa da karkanda a dajinsu ba a keji ba, kuma su tsaya a bakin kwazazzabon Olduvai inda masana suka shafe shekaru suna tono ƙasusuwa da kayan aikin dutse masu shekara kusan miliyan 2. Matsalar ita ce yawancin kamfanonin yawon buɗe ido sun mayar da Olduvai wurin tsayawa a sha ruwa a kama hanya, minti talatin an wuce, alhali shi ne wurin da yaro zai fi ɗaukar abin da zai zauna masa a kai. Ga yadda za ka tsara abin tun daga gida.

Mataki na 1: ka fara da biza, ba da tikiti ba

Nan ne mutanenmu suke yawan shan mamaki. Masu fasfo ɗin Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi, sai an nema ta intanet an jira amincewar hukumar shige da fice ta can, kuma abin yana iya ɗaukar makonni. Ka nema kamar wata biyu kafin tafiya ko fiye, kowa da nasa har jariri, kuma kada ka biya kuɗin da ba a mayarwa sai biza ta fito. Ka duba fasfo ɗin kowa ya rage aƙalla wata 6. Sai katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, za a tambaye ku shi tunda daga yankin da cutar take kuka fito.

Mataki na 2: ka zaɓi lokaci gwargwadon abin da kake son gani

Akwai wata dabba da ƴan ƙasar suke kira nyumbu, kamar saniyar daji take mai gemu, sun fi miliyan ɗaya kuma duk shekara suna zagaye tsakanin gandun dajin Serengeti na Tanzaniya da na Masai Mara a Kenya suna bin ruwan sama, tare da jakunan dawa da bareyi. Daga Yuli zuwa Oktoba suna arewa suna tsallake kogin Mara inda kadoji suke jiransu, wannan ne ake yawan gani a talabijin, kuma ya dace da dogon hutun makarantun Najeriya. Sai dai lokacin ne kuɗi ya fi tsada, motoci kuma sun fi yawa.

Ni dai idan tarihin ɗan Adam yana cikin abin da ya kai ka, zan ce ka duba tsakanin ƙarshen Disamba da Maris. A lokacin garken yana saukowa kudu wajen Ndutu, a watan Fabrairu suke ta haihuwa, zakuna da kuraye suna biye da su, kuma Ndutu ba ta da nisa da Olduvai, ka ga ba sai an yi ta wahalar da yara da doguwar hanya ba. Afrilu da Mayu damina ce sosai, hanya tana lalacewa, wasu masaukan ma rufewa suke.

Mataki na 3: hanyar jirgi, da tsayawar da bai kamata ka raina ba

Filin jirgin da za ka sauka shi ne na Kilimanjaro, tsakanin Arusha da Moshi, kada ka yi kuskuren sayen tikitin Dar es Salaam don da nisa. Mafi sauƙi daga wajenmu shi ne ta Addis Ababa da jirgin Ethiopian Airlines. To tunda dole ku tsaya a Addis, idan an samu bizar Habasha ku kwana ɗaya ku shiga gidan tarihi na ƙasa ku ga Lucy, ƙasusuwan wata halitta mai tafiya da ƙafa biyu da aka tono a Hadar ta Habasha a 1974 waɗanda masana suka ce sun kai shekara miliyan 3.2. Wanda ake nunawa baƙi kwafi ne amma ya isa, yaro zai ga yadda take ƴar ƙarama, tsayinta bai fi na ɗan firamare ba. Idan ta Nairobi kuka bi, gidan tarihinsu yana da labarin yaron Turkana, ƙasusuwan wani yaro na zamanin da can da ɗan Kenya Kamoya Kimeu ya gano a 1984.

Mataki na 4: ka gane me ake nufi da alfarma kafin ka biya

Kamfani zai turo maka hotunan tanti mai bandaki a ciki da kwamin wanka da wurin ninƙaya, duk suna da daɗi, amma gaskiya ba nan kuɗinka ya fi amfani ba. Abu biyu za ka nace a kansu: mota taku ku kaɗai, da ɗan jagora wanda ya iya yara. Idan an haɗa ku mota da wasu baƙi to ba ka da ikon cewa a tsaya a yi sallah, ko a koma masauki don ƙaramin ya gaji, ko a ƙara awa biyu a Olduvai. Motocin Land Cruiser ne masu rufin da ake ɗagawa, ka tabbatar kowa yana da kujera ta taga.

Ka tambayi kamfanin ko yana cikin TATO, ƙungiyar masu shirya yawon buɗe ido ta Tanzaniya, ka ce su rubuto maka dalla-dalla abin da kuɗin ya ƙunsa, don kuɗin shiga dajin kansa ba kaɗan ba ne, saukar mota ɗaya cikin ramin Ngorongoro mai cike da namun dawa kawai ya kusa dala 300 banda kuɗin kowane mutum. Yara ƴan ƙasa da 16 suna da ragi. Ka kuma tambayi shekarun da masauki yake karɓa, saboda tantunan da suke tsakiyar daji ba su da shinge, da daddare sai ma'aikaci ya raka ka ɗaki, wasu ba sa karɓar ƙananan yara kwata-kwata. Maganar abinci ka faɗa tun wuri cewa halal kuke so kuma a cire giya daga ɗaki, Tanzaniya akwai Musulmi da yawa ba wanda zai yi mamakin wannan buƙata.

Mataki na 5: jeren kwanaki

Kwana 8 zuwa 10 ya wadatar. Daren farko ku huta a Arusha. Sai gandun dajin Tarangire kwana biyu, nan ne garin giwaye da manyan bishiyoyin kuka irin namu, kuma wuri ne mai kyau na fara koya wa yara zama shiru a mota. Daga nan ku wuce Karatu ko bakin ramin Ngorongoro.

Ngorongoro dutse ne mai aman wuta da ya rufta ciki tun shekaru miliyoyi, zurfinsa kusan mita 600, faɗin ƙasansa wajen murabba'in kilomita 260, kuma cike yake da namun dawa. Ku sauka da sassafe da an buɗe ƙofa, kafin motoci su cika. Nan ne kuka fi sa ran ganin baƙar karkanda, ga bauna, ga dorina a tafki, ga zakuna kwance gefen hanya. Raƙumin dawa ne ba za ku gani a ciki ba, sai a waje. Sanyin bakin ramin ba wasa ba ne don ya haura mita 2,000, a sa wa yara rigunan sanyi masu kauri.

Washegari Olduvai, sai Ndutu ko tsakiyar Serengeti kwana uku. Dawowa kuma kada ka yarda a maido ku ta mota, hanyar burji ce mai girgiza, ku hau ƙaramin jirgi daga Seronera da ke tsakiyar Serengeti zuwa Arusha, ko kai tsaye Zanzibar idan akwai sauran hutu.

Mataki na 6: ranar Olduvai, wadda ita ce zuciyar tafiyar

Ka sa a rubuta a takardar shiri cewa rabin yini za ku yi a nan, kuma ka nemi a haɗa ku da ma'aikacin gidan tarihin wurin ya sauka da ku cikin kwazazzabon, ba a tsaya daga sama ana nuni da yatsa ba. Tsawonsa kusan kilomita 48 ne, ruwa ya zaizaye ƙasa ya bar ta hawa-hawa, kowane hawa da launinsa da zamaninsa, na ƙasa ya fi na sama tsufa. Wannan kaɗai darasi ne, ka bar yaro ya ƙirga hawan da kansa ya gaya maka wanne ya riga wanne.

Masanin tono tarihi Louis Leakey ya fara aiki a nan a 1931, shi da matarsa Mary sun yi shekara da shekaru suna samun kayan aikin dutse ba su samu mai su ba, sai a watan Yuli na 1959 Mary ta ci karo da ƙoƙon kan da aka yi wa laƙabi da Zinj, mai manyan turamen haƙora, wanda aka auna shekarunsa kusan miliyan 1.75. Akwai alama a daidai wurin da aka same shi. Ka tsaya da yaran a nan ka ja hankalinsu kan haƙurin da mutanen suka yi, kusan shekara 30 cikin rana da ƙura kafin a dace, kuma ka tambayi ma'aikacin labarin ƴan Afirka da suka yi aikin tonon da hannunsu, don sau da yawa sunan Turawan kawai ake ji.

A cikin gidan tarihin ku nemi kwafin sawun Laetoli. Wani dutse ne ya yi aman toka, aka yi yayyafi, wasu halittu masu tafiya da ƙafa biyu suka taka suka wuce, tokar ta daskare ta riƙe sawun shekara wajen miliyan 3.6, har tawagar Mary Leakey ta gano shi a 1978. Na ainihin yana kudu kamar kilomita 45 amma an sake binne shi don kada ya lalace, saboda haka kada ka ɓata yini kan zuwa can da ƙananan yara. Idan da lokaci ku leƙa tudun baƙin yashin nan da ke kusa, wanda iska take turawa gaba kaɗan-kaɗan duk shekara ba tare da ya watse ba, yara suna son sa sosai.

Wanda ya fito daga Chadi ma yana da abin faɗa wa ƴaƴansa a nan, don ƙoƙon kan Toumai da aka samu a hamadar Djurab a 2001 ya girmi duk waɗannan, an ƙiyasta shi wajen shekara miliyan 7.

Mataki na 7: ka shirya amsa tun kafin yara su tambaya

Wannan ba abin kaucewa ba ne. Ma'aikatan wurin za su yi bayani yadda masana kimiyya suke yi, cewa halittu sun yi ta sauyawa har aka iso ga mutum, kuma yaron da ya tashi da karatun Annabi Adamu zai juyo ya kalle ka. Kada ka ce masa yi shiru, kada kuma ka ce ƙarya ne duka, don ƙashin yana gabansa yana gani. Ka raba masa abin gida biyu: ga abin da aka tono aka auna, ga kuma fassarar da masana suke yi masa wadda su kansu suna saɓani a wasu wurare suna gyarawa idan an samu sabon abu. Abin da ya shafi aƙida kuma ku zauna da malamin da kuka yarda da iliminsa tun a gida kafin tafiya, ka ji bayaninsa ka riƙe. Aya ta 20 a suratul Ankabut tana umartar a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Allah Ya fara halitta, ku karanta ta tare a mota kafin ku isa. Yaron da aka saba masa da tambaya a gaban iyayensa ya fi wanda zai fara cin karo da maganar shi kaɗai a jami'a ko a waya.

Mataki na 8: kaya da lafiya

Ƙananan jiragen daji kilo 15 suke yarda wa kowa, kuma jaka mai laushi ba akwati ba, wannan sai an yi wa uwargida bayani da lallashi tun da wuri. Masaukan alfarma suna wanki kullum, ba sai an kwaso kaya ba. A guji baƙi da shuɗi saboda ƙudan tsando yana bin su, musamman a Tarangire, a sa mayafi da hijabi masu ruwan ƙasa ko toka. Leda haramun ce a Tanzaniya tun 2019, a cire ta daga kaya. Ka ga likita kan maganin zazzaɓin cizon sauro da na jiri don masu amai a mota, ka yi inshorar da ta haɗa da ɗauko mara lafiya da jirgi daga daji.

Kowane yaro a saya masa madubin hangen nesa nasa da ɗan littafin rubutu, idan ɗaya ne rigima za a yi ta yi. Da daddare kafin barci kowa ya rubuta ko ya zana abu uku da ya gani. Hawa balan-balan a Serengeti da asuba yana da kyau amma yawanci sai ɗan shekara 7 zuwa sama. Idan za ku ziyarci Masai ko Hadzabe mafarauta na wajen tafkin Eyasi, ka gargaɗi yara kada su ɗauki hoton kowa sai sun nemi izini, kuma su gaida manya kamar yadda suke yi a gida, shikamoo ake ce wa babba. Ka ware kuɗin ihsani na direba da ma'aikatan masauki a ambulan daban tun daga Arusha, don da an shiga daji babu ATM.