Kafin ka sake shafa fenti, duba abin da ke ƙarƙashinsa

Yawancin fentin da ke ɓarewa ba laifin gwangwani ba ne. Laifin na bango ne, ko na wanda ya shafa bai tsaya ya duba ba.

Fara da sanin irin tsohon fentin. Jiƙa tsumma da sipirit ka goga a wani lungu. In launi ya biyo tsumman, fentin ruwa ne. In bai motsa ba, na mai ne. Fentin ruwa ba ya kama na mai mai sheƙi sai an kashe sheƙin da samfefa mai lamba 120 zuwa 180, an share ƙurar, an shafa firaima, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama. Amma tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma mai guba, don haka a jiƙe ake goge shi, da takunkumi a hanci.

Danshi ne babban maƙiyi. Manna leda mai faɗin kamar santimita 45 a bango, ka rufe gefunanta huɗu da salatif, ka bar ta ta kwana. In ka ga raɓa a cikinta, ko wurin ya yi duhu, ajiye burushi ka nemi inda ruwa ke shiga: rufi mai yoyo, bututun da ya fashe, ko laimar da ke hawowa daga tushen gini. Wurin da ya kumbura kuwa, fasa shi da reza. In har kan siminti ya ɗago, danshi ne. In shafin sama kaɗai ne, galibi an yi aikin cikin rana mai zafi ko a kan datti.

Sabon filasta na siminti yana son kamar kwana 28 kafin ya karɓi fenti. Masu gaggawa kan shafa na mai, sinadarin simintin ya cinye shi, ya koma danƙo kamar sabulu. Farin garin da ke tsattsafowa kuwa gishirin gini ne da ruwa ya turo waje. Kakkaɓe shi da busasshen burushi. Wanki da ruwa yana mayar da shi ciki ne, ya sake fitowa.

Baƙin tabo, ɗiga masa bilic. In ya dusashe cikin minti biyu, fumfuna ce: wanke da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 3, ɗauraye, bari ya bushe sarai.

A ƙarfe, maganaɗisu zai raba maka gardama: yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama alminiyom. Baƙin ƙarfe a kankare tsatsarsa, a shafa jan firaima a ranar, kafin wata ta sake hawa. Kwanon rufi mai rufin tutiya kuwa firaimarsa daban ce, fentin mai kai tsaye saɓulewa yake yi.