Yadda ake haɗa ƙaramin samfurin jirgin yaƙi na Dreadnought bisa gaskiyar tarihi

Duk wanda zai haɗa samfurin HMS Dreadnought, jirgin ruwan yaƙin Birtaniya da aka saka a ruwa a Portsmouth ranar 10 ga Fabrairu, 1906, ya kamata ya fara da tsayar da shekarar da yake son nunawa tun kafin ya taɓa gam ko fenti. Dalili kuwa shi ne jirgin bai zauna a kama ɗaya ba har zuwa 1921 da aka sayar da shi don a farfasa. Alal misali, ragar ƙarfe da ake ratayawa a gefensa don tare nakiyar da ake harbowa ta ƙarƙashin ruwa (torpedo) an cire ta a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, saboda haka wanda ya nufi siffar 1907 dole ya jera sandunan ragar a jikin jirgin. Kamfanin Trumpeter mai ƙera kayan haɗa samfuri ma ya fitar da kwalaye daban-daban na siffar jirgin a 1907 da 1915 da 1918.

Sai kuma ma'auni. Tsawon jirgin ya kai kimanin mita 160, wato a ma'aunin 1/350 samfurin zai kai santimita 46, a 1/700 kuwa rabin haka. Ga sabon shiga, ma'aunin 1/350 ya fi, domin ƙananan igwogin da ke bisa rufin ɗakunan manyan igwa ba su da daɗin riƙewa idan suka ƙanƙance.

Kada a dogara da takardar cikin kwali kaɗai. A gwada ta da zanen ginin jirgin da ke Gidan Tarihin Sufurin Ruwa na Greenwich, da kuma hotunan Gidan Tarihin Yaƙi na Landan, a kuma duba kwanan watan kowane hoto. A tabbatar manyan igwogi goma suna cikin ɗakuna biyar, kuma turken gaba mai ƙafa uku yana bayan bututun hayaƙi na farko, wurin da ya sa hayaƙi ke turnuƙe masu hange a samansa. Aibi ne a ƙirar jirgin, amma ba aikin mai samfuri ba ne ya gyara shi.

Wajen fenti a yi hattara, domin fim ɗin wancan zamani yakan mayar da ja baƙi ƙirin, don haka hoto ba hujja ba ne a kan launi. A shafa ruwan toka a jiki, ja a ƙasan layin ruwa, sannan daɓen katako a tsinka fentinsa sosai don kada ya cike tsagar da ke tsakanin alluna.