Yadda ake sa SFP a suwic ko canza shi, da abin da zaka duba a fot

SFP shi ne ɗan modul ɗin da ake sokawa a fot, wato ramin suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a netwok), don a jona igiyar fayiba. Yawancin masu kira na suce SFP ɗinsu ya mutu, wallahi ba mutuwa yayi ba. Ko dai ƙura ce ta hau bakin fayiba, ko an haɗa biyun da basu dace da juna ba, ko kuma saitin fot ɗin ne ke da gyara. To kafin ka sake kashe kuɗi ga yadda nake yi.

Da farko karanta rubutun jikinsa. SFP zalla gigabit 1 ne, SFP+ gigabit 10 ne, girmansu ɗaya shi yasa mutane ke rikicewa. Wanda aka rubuta SX ko SR na 850nm ne (nm ɗin yana nuna irin hasken da yake turawa), na gajeren zango, SR mita 300 yake kaiwa a kan igiyar fayiba ta OM3 ɗin nan mai ruwan shuɗi-shuɗi. LX da LR kuma 1310nm ne, suna kai kilomita 10 a kan igiya mai ruwan ɗorawa. Abin da ke wannan gefen shi zai kasance a wancan gefen, in ka sa SR nan LR can zaka kwana kana jira fitilar fot ɗin bata kama ba. Masu zare ɗaya kuwa, BiDi, miji da mata ne, ɗaya yana turawa da 1310 ɗayan da 1490 ko 1550, iri ɗaya guda biyu basa magana.

Ba sai ka kashe suwic ba, ana canzawa yana aiki. Amma ka ɗaura igiyar nan ta hannu mai sauke wutar jiki, musamman da hunturu da iska ta bushe. Ka fara zare fayiba tukuna, sannan ka sauke ɗan ƙarfen bakin ka jawo modul ɗin a hankali, kar ka taɓa finciko shi da igiya. Sabon kuma tura shi har kaji ya ce ƙas, in ya ƙi shiga juya shi zakayi, wasu fot ɗin na layin ƙasa a kife suke. Kuma don Allah kar ka leƙa ramin da ido, hasken baya ganuwa amma yana lalata ido.

Maganar ƙura ita tafi damuna. Akwai wani ofis da muka yini muna canza modul har uku, ashe yaron da ya ja igiyar ya cire murfin bakin ya ajiye ta a kan tagar da ƙurar hunturu ke shigowa. Da muka goge da alƙalamin gogewa, danna biyu kawai, fitila ta koma koriya. Tun daga ranar bana cire murfi sai igiya na hannuna.

Sai ka shiga suwic ɗin. A Cisco buga show interfaces status ka gani ko ya gane modul ɗin. In ya nuna err-disabled, wato ya kulle fot ɗin, galibi modul ɗin ba na kamfaninsu bane, wasu suwic ɗin suna karɓa in ka sa service unsupported-transceiver, sannan kayi shutdown da no shutdown. Daga nan show interfaces transceiver zai nuna maka ƙarfin hasken da ke fita da mai shigowa, LR yana son mai shigowar kar ya faɗi ƙasa da -14.4 dBm (ma'aunin ƙarfin hasken kenan), in kaga -40 to babu haske kwata-kwata, musanya zaren biyun a gefe ɗaya ka sake dubawa.

In fitila ta kama amma data bata wucewa duba show running-config interface. In SFP na gigabit 1 ka sa a ramin gigabit 10, wani suwic ɗin sai ka buga masa speed 1000 da hannu, kuma ka tabbatar VLAN (rukunin netwok ɗin da fot ɗin yake ciki) da trunk (saitin da ke barin VLAN da yawa su bi ta fot ɗaya) sun yi daidai da na ɗaya gefen. Komai ya zauna sai ka buga write memory, kar a ɗauke wuta aikin ya tafi.