Yadda za ka nuna wa ƴan fada tsohon fim ɗin giwa ba su watse ba

Fadarmu tana Bukoki, a nan Yamai, kuma daren Asabar ni ke kawo fim. Sau biyu na nuna musu Billy Rose's Jumbo, na kamfanin MGM, wanda ya fito a 1962. Karon farko kafin a kai rabi mutum uku suka rage, ɗaya ma gyangyaɗi yake. Karo na biyu har Kawu, da ba ya zama sai don labaran rediyo, ya jawo kujerarsa. Ga abin da na gyara.

Ka fara kallonsa kai kaɗai. Awa biyu ne da ƴan mintoci. Ka lura da inda waƙoƙi suke, ka kuma lura da kayan matan da ke lilo a sama, don gajeru ne. In akwai dattijo a wurin, gara ka san lokacin da za ka miƙa masa shayi. Hoton mai faɗi ne, waya ba za ta yi ba. Farin zanen gado a bango da majigi, bayan lisha, kuma ka cika batir tun da rana saboda ɗaukewar wuta.

Kafin ka kunna, ka gaya musu me za su gani. Ni cewa nake: ku haɗa gardawa masu wasa da kura, da ƴan dabo, da ƴan kama, da mahayan dawaki, ku zuba su cikin ƙaton tanti guda suna yawo gari-gari ana biyan kuɗin shiga. Shi ke nan, kowa ya gane.

Babban kuskurena na farko shi ne na ce musu fim ɗin Amurka ne. Sai suka zauna jiran bindiga da tseren motoci. Ka ce musu fim ɗin Indiya ne da Turawa suka yi, ba ka yi ƙarya sosai ba. Dubi labarin mana: tsoho mai tanti, wanda ɗan wasa Jimmy Durante ya fito a matsayinsa, yana cinye kuɗin wasa a caca, bashi ya yi masa katutu. Ɗiyarsa, Doris Day, ita ke rufa masa asiri. Sai ga baƙo kyakkyawa, Stephen Boyd, ya zo neman aiki, ashe ɗan mai wani tantin ne da ke kwaɗayin giwarsu mai suna Jumbo, yana bin bayan fage yana sayen takardun bashin. Ga Martha Raye, da ta shekara da shekaru tana jiran tsohon ya aure ta. Wanda ya tashi da finafinan Indiya ya san wannan hanya ido rufe, kuma ba ya mamakin a tsaya tsakiyar magana a ɓarke da waƙa.

Wajen fassara, kada ka riga fim ɗin tona asirin baƙon. Kada kuma ka fassara waƙa baiti-baiti, kashe ta za ka yi. Jimla guda kafin ta fara ta isa: “Nan tana gaya masa soyayyarta ba ta bukatar wata ko taurari.” Sai ka yi shiru. Kusan duk waƙoƙin na Richard Rodgers da Lorenz Hart ne, yawancinsu daga wasan dandalin Jumbo na 1935 a gidan wasa na Hippodrome a birnin New York, kuma sun fi labarin ƙarfi nesa ba kusa ba.

Akwai wuri guda da dole ka yi shiri. Tsohon yana ƙoƙarin sulalewa da giwar, hukuma ta tare shi tana tambayar ina za shi da ita. Sai ya tsaya gaban giwar, ya buɗe hannuwa kamar zai ɓoye ta, ya ce: “Wace giwa?” Ka faɗe ta daidai lokacin da bakinsa ya motsa, kada ka ƙara komai. Durante ya yi wannan barkwanci tun a dandalin 1935, ya maimaita bayan shekara 27. Kawu ya yi dariya har da tari, kuma tun ranar, duk wanda aka tambaye shi bashi a fada amsarsa ke nan.

Wani zai tambaya ko an taɓa yin Jumbo da gaske. An yi. Giwar Afirka ce, ta zauna gidan namun dajin Landan daga 1865, P. T. Barnum, Ba'amurke mai irin wannan wasan tanti, ya saye ta a 1882, jirgin ƙasa ya buge ta a Kanada a 1885. Ta fim sunan kawai ta ara. Abin dariya, muna da giwaye a gandun dajin W, amma rabin fadarmu a zanen gadona suka fara ganin giwa tana tafiya.

Lokacin shayi na biyu nake dakatarwa in ba su tarihin. Fim ɗin ya zo bayan kasuwa ta tashi. Talabijin ta zaunar da Amurkawa a gida, babban kamfanin wasan tanti na Ringling ya naɗe tantinsa tun 1956, matasa sun koma wani kiɗan. MGM ta yi asara a kansa. Shi ne fim ɗin waƙa na ƙarshe da Doris Day ta yi, kuma na ƙarshe da Busby Berkeley, gwanin tsara raye-raye, ya yi wa aiki a bayan kyamara.

Waƙar rufewa doguwa ce, a ganina ta wuce kima, don labari ya riga ya ƙare, sai ado da ƙyalƙyali da fentin fuska. Kada ka tsallake ta, yara na son ta. Ka dai ɗora shayi na uku daidai nan, ka bar manya su yi gardamar ko ya dace a yafe wa baƙon.