Yadda Hedimasta da Kwamiti Za Su Kai Kuɗin Tallafi Ga Yaran da Suka Fi Bukata a Makarantun Zangon Kumasi

Kuɗin da ke shigowa firamare ko JHS (ƙaramar sakandare) ta gwamnati a unguwannin Aboabo, Asawase ko Sawaba ba su da yawa, kuma ba kasafai suke zuwa a kan lokaci ba. Kuɗin kafiteshan, da gwamnatin Ghana ta fara biya a kan kowane ɗalibi a faɗin ƙasa a 2005 don a daina karɓar kuɗi a hannun iyaye, sun fara ne da sidi 3 a shekara, suka koma 4.50, daga baya suka kai 10. A kan sidi 10, makaranta mai yara 400 ta tashi da sidi 4,000 ke nan na shekara cur, kuma a ciki za a sayi alli, a gyara benci, a yi wasanni. Abin da ya rage wa yaran talakawa kaɗan ne, kuskure ɗaya ya isa ya cinye shi. Sababbin hedimastoci sun fi faɗawa rami biyu: ko su raba littafin rubutu bibbiyu ga kowa da kowa don kada a yi magana, ko su zuba kuɗin a fentin bango saboda shi ne baƙo ke gani. Yaron da ke dab da barin karatu bai amfana da ko ɗaya ba.

Mataki na farko: ku san hanyoyin kuɗin

Ku rubuta duk inda taimako zai iya fitowa a takarda ɗaya, da abin da aka yarda a yi da kowanne. Ƙa'idar kafiteshan da kanta ta ambaci taimakon ɗalibai mabukata cikin abubuwan da ake kashe kuɗin a kai, don haka kada wani ya ce muku ba ya halatta. Makarantar da ke cikin shirin GALOP, wanda Bankin Duniya ya tallafa don makarantu 10,000 masu rauni, tana da ƙarin kuɗin inganta karatu. Kuɗin ciyarwa ba sa bi ta hannun hedimasta, mai kwangilar girki ake biya, amma ƙidayar yaran daga wurinku take fitowa. Sai gudummawar ƙungiyar iyaye, da ta tsofaffin ɗalibai, da zakka ko sadakar alhazan unguwa. A asusun bai-ɗaya na majalisun gundumomi akwai kason da aka ware wa masu nakasa; keken guragu ko na'urar ji daga nan ake nema, ta ofishin jin daɗin jama'a. Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 kuwa, ku rubuta masa a kan manyan ayyuka irin su aji da bayan gida, ba takalmi ba.

Dokar ita ce: kada ku taɓa sayen abin da wata hukuma ke bayarwa kyauta. Gwamnati ce ke biyan rajistar BECE, wato jarrabawar kammala JHS, ta ɗaliban makarantunta. A 2025 an fara raba wa 'yan mata audugar al'ada kyauta. Ku bi rabonku a ofishin ilimi na gundumar Asokore Mampong tukuna, naku kuɗin su cike giɓi kawai.

Mataki na biyu: gano yaran

A nan aikin yake lalacewa, a nan kuma ya kamata ku ɓata lokaci. Hanyoyi uku ake bi, duk ba su da kyau. Wani malami zai shiga aji ya ce maraya ya ɗaga hannu. Yaron da ya fi kowa shan wuya ba zai ɗaga ba, kunya ba za ta bar shi ba, sannan ba kowane maraya ne mabukaci ba. Wani zai duba yunifom: wanda nasa ya yage shi ne talaka. Alhali akwai uwar da za ta kwana da yunwa amma ta wanke rigar 'yarta ta goge. Hanya ta uku ta fi muni, wato a ce kowane ɗan kwamiti ya kawo sunaye biyar. Abin da za ku samu 'ya'yan dangi ne da na maƙwabta.

Ku fara da rajistar aji ta tam biyu da suka wuce. Kowane malami ya fitar da sunan duk yaron da ya yi fashin kwana 10 ko fiye a tam ɗaya, da wanda ke zuwa bayan an shiga darasi na farko aƙalla sau biyu a mako. Kada ku tsaya a jimla, ku duba ranakun da ake fashin, don su ke nuna dalili. Yarinyar aji shida ko JHS da ke ɓacewa kwana uku zuwa huɗu kowane wata, galibi al'ada ce da rashin abin amfani ko rashin bayan gida mai ƙofa. Wadda ke isowa wajen ƙarfe tara kullum, tallan koko da ƙosai take gamawa. Yaron da ke zuwa da safe ya sulale bayan hutun cin abinci, ko dai yunwa ce, ko ya tafi tsintar ƙarfe a Dagomba Line. Wanda ya ɓace mako biyu a jere ya dawo a rame, ciwo ne aka yi jinyarsa a gida saboda katin asibiti ya mutu. Wanda bai dawo ba a makon farko na tam, sau da yawa takalmi ko yunifom ake jira.

Akwai rukunin da rajista ba ta nuna su sosai, sai an sa ido: 'yan riƙo. Yarinyar da aka kawo daga Arewa wurin gwaggo ko inna tana zuwa makaranta, amma ita ce ta ƙarshe a samun littafi a gidan, ita ce ta farko da za a ce ta zauna idan akwai awure ko suna. Haka 'ya'yan matan da ke dako a kasuwar Kejetia, waɗanda ɗaki ɗaya suke kwana su da yawa. Ku tambayi malamin aji kai tsaye: wa ke riƙon wannan yaro?

Bayan haka sai gwajin karatu, minti biyar kowane yaro, shi kaɗai da malami. A ba shi haruffa goma, kalmomi goma, sakin layi ɗaya, sai lissafin ragewa guda biyu masu aro. A rubuta inda ya tsaya. Makin jarrabawar ƙarshen tam ba ya maye gurbin wannan, saboda yaro na iya kwafar allo tsaf alhali bai iya karanta abin da ya kwafa ba. A lura da mai ƙanƙance ido idan yana duban allo, da wanda sai an kira shi sau biyu.

Sunayen da suka fito a rajista da gwaji, su za a bi gida. Mutum biyu su je, malamin aji da mace ɗaya daga kwamitin gudanar da makaranta (SMC), wadda unguwa ke ganin girmanta kuma take jin harshen gidan, Hausa ne, Dagbanci ne ko Mosanci. Kada a je da littafi a hannu, kada a ambaci kuɗi. Da kun ce gwamnati za ta taimaka, labarin da za ku ji daban ne, gobe kuma rabin layin zai cika ofis. Bayan gaisuwa, abin da ya dace shi ne: “Mma, mun ga kwana biyu ɗiyarmu ba ta zuwa da wuri, shi ne muka ce bari mu zo mu ji ko lafiya.” Sai a yi shiru a saurara. Abubuwa huɗu kuke son sani: me yaron ke ci kafin ya fito, wane aiki yake yi safe da yamma, katin inshorar lafiyarsa na NHIS na aiki ko ya mutu, kuma wa ke sayen littafinsa. A rubuta bayan an fito.

Daga nan hedimasta, shugaban SMC da malami ɗaya su zauna su tace. A makaranta mai yara 400 kada jerin ya wuce 30 a tam na farko. Za a ce kun bar wasu, gaskiya ne, amma idan kuka ɗauki 100 babu wanda zai samu abin da zai sauya masa hali. Gaban kowane suna a rubuta dalili ɗaya, mafi girma. Jerin ya zauna a kulle a ofis. Ba a karanta shi a asambili, ba a liƙa shi a bango, ba a ɗaukar hoton yaro da jaka a hannu a sa a WhatsApp ko da mai bayarwa ya nema. Yaron JHS da aka tozarta haka gara masa ya bar makarantar.

Mataki na uku: sa shi a SPIP

Abin da ba ya cikin SPIP, wato tsarin ayyukan da makaranta ke rubutawa, kwamiti ya amince, ofishin ilimi ya sa hannu, ba za ku iya kare kashe kuɗi a kansa ba ranar da masu binciken kuɗi suka zo. Kada ku rubuta “taimakon mabukata” kawai ku sa adadi. Ku fasa shi: takalmi ƙafa nawa, sabunta kati nawa, darasin ƙari na yara nawa, wa zai yi, a wane wata. Kashi ɗaya cikin biyar na kafiteshan shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a ware. Ku nuna wa SISO, wato jami'in sa ido kan makarantun da'irarku, kafin ku miƙa, ya fi a dawo muku da takarda bayan wata guda.

Mataki na huɗu: kowane dalili da maganinsa

Ku fara da mafi araha. 'Yan ƙasa da shekara 18 ba sa biyan kuɗin inshorar NHIS, ɗan kuɗin sabuntawa ne kawai, kuma ana yi ta waya da *929#. Gidan da ke cikin shirin LEAP, na tallafin kuɗi ga gidajen matalauta, rajistarsu kyauta ce. Malami ɗaya zai gama na yara 30 a yini. Masu matsalar ido ko kunne, malamin SHEP, wato mai kula da lafiyar ɗalibai, ya haɗa su ya kai su asibiti rana ɗaya.

Yunifom kuwa, kada ku sayi ɗinkakke. Ku sayi yadi a dunƙule a kasuwa, ku ba telan unguwa, ya ɗinka da ɗan girma yadda zai kai shekara biyu. Riga ɗaya ta isa idan takalmin mai ƙwari ne. Takalmi ke fara mutuwa. Jaka ba ta cikin abin da ke hana yaro zuwa makaranta, ku bar ta sai an samu mai bayarwa.

Idan yunwa ce, musamman a JHS, ku yi magana da mai sayar da abinci ɗaya a harabar makaranta. A ba ta sunaye, yaro ya karɓi koko da ƙosai ko wake da shinkafa kamar kowa, a biya ta ranar Juma'a ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, don a samu shaida. Wannan ya fi dacewa da kuɗin sadakar alhazai, kafiteshan ba zai ɗauka ba. Mai talla kuma, hana ta ba ya aiki, da cinikin gidan ke ci. Ku daidaita da uwar a kan ta sauke tire ƙarfe bakwai, ku kuma ɗauke mata karin kumallon yarinyar.

Darasin ƙari shi ne ya fi kowanne amfani, shi ne kuma aka fi yi ba daidai ba. Maimaita darasin safe ga yaron da bai san haruffa ba ɓata lokaci ne. A raba su bisa inda suka tsaya a gwaji, ba bisa aji ba: masu haruffa, masu kalmomi, masu sakin layi. Rukuni kada ya wuce 15, minti 45, kwana huɗu a mako. A ba malamin da ke jin Hausa rukunin farko, domin Hausa ba ta cikin harsunan da hukumar ilimi ke koyarwa da su, kuma yaron da ya taso a Zango yana fama da Turanci da Tuwi lokaci guda. Ku kula da lokaci: idan kuka sa darasin bayan la'asar kun yi karo da makarantar allo, kuma ita iyaye za su zaɓa. Ku je wurin malamin allon ku gaishe shi, ku tsayar da lokaci tare, ko a yi da safe kafin asambili.

Mataki na biyar: saye da lissafi

Ba a ba yaro ko iyaye kuɗi a hannu, kaya ake bayarwa, mai riƙon yaron ya sa hannu ko ya dangwala. Mutum biyu ke zuwa saye, ɗaya daga kwamiti. Kowane rasit a liƙa shi a shigar a littafin kuɗi a ranar. Telan da ba shi da rasit a rubuta masa takardar biya ya sa hannu. Kuɗin zakka da na iyaye su samu littafinsu daban, kada a gauraya da na gwamnati. Idan kafiteshan ya makara, kada hedimasta ya ci bashi da sunan makaranta. A yi na kati da darasin ƙari, yadi ya jira.

Mataki na shida: dubawa

Ƙarshen tam a sake buɗe rajista a kan yaran nan 30, a maimaita gwajin minti biyar. Wanda fashinsa bai ragu ba, ba a gano ainihin dalilinsa ba ne, a koma gidan. Wanda ya daidaita kada a cire shi sai ya yi tam biyu a haka. A taron SPAM, inda ake bitar ƙwazon makaranta da iyaye, a faɗa musu adadin yara da abin da aka kashe, ban da sunaye. 'Yan JHS 3 da ke cikin jerin a zauna da su lokacin zaɓen makarantun sakandare, a kuma fara tara musu kuɗin akwati da katifa tun tam na biyu, saboda karatun babbar sakandare (SHS) kyauta ne tun 2017 amma kayan tafiya iyaye ke saya.